Katifar Dagaci

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin jinya, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Sista Rifkatu ta nemi jijiya a hannun wata mai ciki ta rasa, a wani ajin firamare da muka mayar asibiti a ƙasar Gwaram. Amma kafin in kai ku can sai na gaya muku wace ce Hajiya Binta, don labarin nata ne. Na lura ku matasan ma'aikatan jinya, yawancinku yanzu hankalinku yana kan fita waje, wasu ma har sun fara neman takardu, shi ya sa na ga ya kamata ku ji.

A lokacin ni ce sista mai kula da ɗakin mata a asibitin da na yi aiki a Birnin Kudu. Ga wanda bai san tsarinmu ba, kowane ɗakin kwanciya yana da sista mai kula da shi, su kuma sistocin duka suna ƙarƙashin matiron, wato shugabar ma'aikatan jinya. Da matiron ɗinmu ta yi ritaya, sai aka ce za a kawo mana wata Hajiya Binta, 'yar asalin Sundimina, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana aiki a ƙasashen waje. Gabanmu ya faɗi. Mun sha ganin waɗanda suka je kwas na 'yan watanni suka dawo suna toshe hanci a ƙofar ɗakin haihuwa, balle wadda ta kusa tsufa a can. Muka sa aka yi wa ofishinta fenti, muka aro fanka mai tsayuwa, muka ajiye mata ruwan roba.

Ranar da za ta kama aiki muna ta leƙen mota, sai ga wata dattijuwa siririya ta sauko daga kan acaɓa da jaka guda a kafaɗa. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi sunan kowa da garinsu. Da muka zagaya da ita muka zo wurin wanke hannu, ta murɗa famfo, ruwa ya zubo. Na ce mata kada ta ruɗu, da safe kawai yake zuwa. Ta ce, "Kullum da safe?" Na ce kusan kullum. Ta tara hannu ta wanke fuska, ta rufe famfon a hankali, ta yi hamdala kamar wadda aka yi wa albishir. Fankar nan kuwa ba ta kwana a ofishinta ba, ɗakin masu naƙuda ta koma.

Daga baya, da muka saba, ta ba ni labarin tafiyarta. Ta ce da farko wani babban asibiti ta yi wa aiki a ƙasar Larabawa. Gidan da aka ba ta yana can saman bene, sanyi a ɗaki dare da rana, ruwan zafi da na sanyi duk a bango, wuta ba ta ko ƙiftawa. Ta ce watannin farko har kunyar kayan take ji, amma ba a daɗe ba ta zama mai yin tsaki idan na'urar hawa bene ta yi jinkirin saukowa. Ta kwanta zazzaɓi a gidan nan, ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, domin ko sunan maƙwabcinta ba ta sani ba. Bayan rasuwar maigidanta ne ta bi masu aikin agaji zuwa sansanonin 'yan gudun hijira a gabashin Afirka. A can tanti ne ɗakinta, ruwan da ake ba ta a jarka shi ne na sha, na alwala, na wanka da na wanki. Ta ce ta ga matan da a garinsu suke da gidan bulo da masu aiki suna bin layin ruwa tun asuba, kuma tun daga nan ba ta ƙara kallon famfo a matsayin abin da ya zama dole ya kawo ruwa ba.

To, a damina ta biyu da zuwanta aka yi ruwa mai yawa cikin watan Agusta. Wani ƙauye a yankin Kwandiko ruwa ya ci rabinsa, gidajen ƙasa suka zube, mutane suka koma makarantar firamare da ke kan tudu. Ruwan ya shiga rijiyoyi, ya haɗe da na masai. Ba a jima ba amai da gudawa ya ɓarke. Ma'aikatan lafiya na Gwaram suna ta fama a wurare da dama, hannu ya yi musu kaɗan, aka nemi taimako daga asibitocin da ke kusa. Hajiya Binta ba ta tura kowa ba, cewa ta yi ita za ta je, mai so ya biyo ta. Na bi ta, haka ma Sista Rifkatu, wata 'yar Filato da ta daɗe tare da mu har Hausarta ta fi ta wasunmu. Duk asibitin nan ba wanda ya kai ta iya samun jijiya. Jaririn da likita ya gaza, ita ake kira. Aka haɗa mu da wasu ma'aikata maza biyu, aka loda mana ledojin ƙarin ruwa, da gishirin haɗawa, da kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, da safar hannu.

Motar da ta kai mu ta juya ke nan aka sake ruwa, kwalbatin da ke kan hanyar ya karye. Abin da muka zo da shi ke nan, kuma ba wanda zai zo ya karɓe mu sai an gyara.

A nan na ga aikin da ban taɓa gani ba. Kafin azahar Hajiya Binta ta raba makarantar gida uku. Aji ɗaya na waɗanda suke iya sha da bakinsu, ana ba su ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Aji na biyu na waɗanda jikinsu ya bushe har sai an ɗaura musu ƙarin ruwa. Na uku na masu samun sauƙi. Lafiyayyu kuma aka mayar da su can ɗaya ɓangaren, aka ja igiya a tsakani. Mai wannan ciwo ba ya iya tashi zuwa bayan gida, shi ya sa ake yi masa gado mai rami da bokiti a ƙasa. Ba mu da irin gadon, sai ta sa aka haɗa bencina bibbiyu aka bar tsakani, aka shimfiɗa tamfol aka huda. A bakin kowace ƙofa ta ajiye kwano da ruwan kulorin na tsoma ƙafa, da buta ta wanke hannu. Ruwa mai kyau kuwa famfon tuƙa-tuƙa guda ne a garin da ambaliyar ba ta kai gare shi ba, shi duk jama'a suke sha. Ta nuna mana yadda mutum zai yi wanka tsaf da buta ɗaya, har ya rage na wanke ƙafa. Ni da nake ganin na san talauci, sai da na koya a wurinta.

Da yamma dagacin garin ya zo gaishe mu. Dattijo ne mai fara'a, shi ma ruwa ya ci masa rumbu da katanga, amma gidan yana kan tudu, kusa da makarantar. Ya ce ya sa an share mana ɗakin baƙinsa: akwai gado da katifa sabuwa, akwai gidan sauro, akwai 'yar fanka mai aiki da hasken rana. Mata su kwana a ciki, maza a zaure. Hajiya Binta ta yi masa godiya, ta ce kada ya damu, ita ta saba, tabarma a barandar aji ta ishe ta, ta fi son zama kusa da majinyata. Dagaci ya sake tayi, ta sake godiya. Ya yi murmushi ya ce to, ya tafi. Na ga yadda ya juya, na san bai ji daɗi ba.

Ku kun san aikinmu. Idan matiron ta kwanta a tabarma, wace sista ce za ta ce ita sai katifa? Duk muka shimfiɗa tabarmi a baranda. Simintin ya jiƙe da danshi, sauro kamar a kama da hannu, ga nishin marasa lafiya ta taga. Ita tana ɗora kai a kan jakarta barci ya ɗauke ta, ta farka garau kamar wadda ta kwana a otal. Mu kuwa sai juyi. Abinci ma haka: ta ce kada mu ɗora wa mutanen da suka rasa rumbunansu nauyi, garin kwaki da ƙuli-ƙulin da muka zo da su sun isa. Ba da mugunta take yi ba, kuma ba ta taɓa cewa wani ya yi koyi da ita ba. Ita dai ta daina ganin waɗannan abubuwa a matsayin wahala, sai ta manta cewa mu muna gani.

Haka muka yi kwanaki. Mun rasa wani tsoho da aka kawo mana a makare, amma sauran suna farfaɗowa. Mu ne muke lalacewa. Idanuna suka yi ja, ɗaya daga cikin mazan ya fara zazzaɓi, Rifkatu mai yawan barkwanci ta koma shiru.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi aka kawo wata matashiya mai suna Zulai a kan amalanke, da tsohon ciki. Idanunta sun faɗa, fatar hannunta idan ka ja ba ta komawa, bugun jininta da ƙyar ake ji. A irin wannan hali jijiyoyi sukan lafe, kuma idan ba a sa ruwa da wuri ba, ɗan cikin ne yake fara tafiya, uwar ta bi. Muka ɗora ta a benci, na ɗaure mata dantse, Rifkatu ta karɓi allura. Ta soka, ba ta samu ba. Ta koma ɗaya hannun, ta rasa. Ta ɗauko sabuwar allura. Tun da na san ta ban taɓa ganin ta rasa jijiya sau biyu ba. Ta sake gwadawa a bayan hannu, jijiyar ta fashe. Uwar Zulai tana tsaye a bakin taga tana salati.

Hajiya Binta ta shigo, ta dubi yarinyar, ta dubi Rifkatu. Ta durƙusa, ta juya kan Zulai gefe, ta lalubo jijiyar wuya ta sa allurar. Ta ce in matse ledar ruwan da hannuna don ya shiga da sauri. Muka ƙarar da leda, muka ɗaura wata. Can sai bugun ya fara dawowa, Zulai ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji. Na ɗora abin saurare a cikinta, na daɗe ina nema, sannan na ji zuciyar ɗan tana bugawa.

Bayan azahar Hajiya Binta ta same mu a gindin wata bishiyar darbejiya a bayan ajin. Rifkatu tana zaune ta haɗa kai da gwiwa. Hajiya ta tambaye ta ko ba ta da lafiya ne. Rifkatu ta ɗago, ta ce lafiyarta ƙalau, barci ne ba ta yi ba tun zuwanmu. Hajiya ta ce ai da ta faɗa. Na yi wa Rifkatu ido don ta yi shiru, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ke kin kwana a ɗaki mai sanyi har ya ishe ki, sannan kika zaɓi tabarma da kanki. Mu a kan tabarmar aka haife mu. Ba mu da abin da za mu koya a wurinta. Katifar nan da kika mayar, ba taki ba ce ke kaɗai. Yau da yarinyar nan ta mutu, a hannuna za ta mutu."

Na sunkuyar da kai, ina jiran abin da zai biyo baya. A aikinmu ƙaramar ma'aikaciya ba ta yi wa matiron irin wannan magana ta kwana lafiya. Hajiya Binta ta zauna kusa da mu. Sannan ta ce Rifkatu ta yi gaskiya. Ta ce abin da ya fi ba ta kunya shi ne ta san wannan tun a sansani: shugabar da ta fara yi wa aiki a can takan kori ma'aikaci daga tantin majinyata idan lokacin hutunsa ya yi, ko yana so ko ba ya so, domin hannun da bai huta ba shi yake kuskure. Ta ce ta riƙe darasin jarka, ta saki wannan. Ta miƙe ta gyara mayafi ta ce in raka ta gidan dagaci.

Mun same shi a zaure da mutanensa. Matar nan da ta zagaya duniya ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na zo neman afuwa. Ka yi mana shimfiɗa na ƙi, ban kyauta ba. Idan ɗakin yana nan, muna so."

Dagaci ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce ɗaki yana nan, kullum sai an share shi, don ya san sauron garinsu ya fi shi iya lallashi. Ya ce shi abin da ya dame shi, ya ɗauka ta ga gadajen ƙasashen waje ne ta raina nasa. Ta ce wallahi ba haka ba ne. Ya ce to ai shi ke nan, amma ta sani, mutumin da ruwa ya ci wa rumbu ba abin da yake so irin a karɓi ɗan abin da ya rage masa, don ya san har yanzu shi mai gida ne. Tun da abin ya zo da sauƙi, sai ta ƙara da roƙon ko iyalinsa za su riƙa dafa mana ruwan wanka da ɗan abinci mai zafi, mu kuma mu nuna musu yadda za su tsare ruwan da kwanukan daga cutar. Kafin mu koma makaranta har an ɗora tukunya.

A ranar ta tsara mana hutu bi da bi, dare da rana, ba a bar majinyata su kaɗai ba, ba a kuma bar kowa ya wuce lokacinsa ba. Rifkatu ce ta fara shiga. Ta yi barcin da sai da aka girgiza ta, ta fito ta sha kunun tsamiya mai zafi, ta ci tuwon dawa da miyar kuka. Washegari aka kawo wani jariri da ya bushe kamar ƙirgi, ta sa masa allura a fatar kai tashi ɗaya, tana yi tana tsokanar uwarsa.

Hajiya Binta ta sa kanta a ƙarshen layi, kuma da nata lokacin ya zo sai ta fara kawo dalilai. Rifkatu ta tsaya a gabanta ta ce doka ba ta san matiron ba. Hajiya ta tafi tana dariya. Da la'asar ta yi ba ta fito ba, na je in tashe ta don salla. Na same ta ta baje a tsakiyar katifa, fanka tana kaɗa mata gefen ɗankwali, tana barci irin na yara. Da na taɓa ta ta buɗe ido, ba ta tashi nan da nan ba. Ta shafa katifar da tafin hannu, ta ce, "Sista Rabi, ashe haka abin nan yake da daɗi. Can inda na yi shekaru a kan wadda ta fi ta, ban taɓa ji ba."

Mun ƙara kwanaki a garin kafin a gyara hanya. Ciwon ya lafa, ba mu sake rasa kowa ba. Zulai ta tashi da ƙafarta, kuma kafin mu taho naƙuda ta kama ta, Rifkatu ta karɓi haihuwar, namiji, ƙarami amma da ƙarfin kuka. Da muka dawo Birnin Kudu, abu na farko da Hajiya Binta ta sa a gaba shi ne ɗakin hutun ma'aikatan dare. Wani sito ne da aka cika da karyayyun kujeru. Ta yi ta zirga-zirga a ofisoshi har aka kwashe su, aka sa gadaje da gidan sauro. Matar da ba ta taɓa nema wa kanta ko labule ba, ita ce ta fi kowa naci a kan katifar wasu. Wasunku sun kwana a ɗakin nan ba su san tarihinsa ba.

Abin da na ɗauka daga wannan tafiya shi ne, aikin jinya yana son mai juriya, amma juriyarka taka ce, ba ma'aunin da za ka auna na ƙasa da kai ba ce. Na kuma ga cewa babba na gaske shi ne wanda ƙaraminsa zai gaya masa magana mai ɗaci a bayan aji, ya tashi a take ya je ya durƙusa ya gyara. Na yi aiki da shugabanni da yawa, kaɗan ne za su iya.

Game da tafiya kuwa, ba zan hana kowa ba. Ku je, ku ga duniya, ku samu abin da za ku samu. Na ga waɗanda suka dawo komai na gida ya zame musu abin ƙyama, na kuma ga waɗanda suka dawo suna alfahari da cewa su ba sa bukatar komai. Hajiya Binta ta wuce halin farko tun a can, na biyun kuma a gabana ta wuce shi. Abin da ya rage mata shi ne ta iya rashin abu ba tare da ƙorafi ba, idan kuma ta samu ta ji daɗinsa har cikin ranta. Yanzu ta yi ritaya tana Sundimina. Na je gaishe ta bayan sallar da ta wuce, jikanyarta ta kawo mana fura da nono a ƙwarya. Ni na shanye tawa ina ta zuba surutu, na waiga na ga ita ko rabi ba ta yi ba. Na ce ko ba ta yi mata daɗi ba ne. Ta ce a'a, ta yi shekaru tana mafarkin furar nan a inda ba a san ta ba, don haka ba za ta yi mata gaggawa ba.